Ma'anar kalmar "select", yadda ake amfani da ita, da bambancinta da "choose", "elect" da "pick"

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni sakatariya ce a wata ƙungiya mai ba ɗalibai tallafin karatu. An sa ni rubuta wasiƙar Turanci ga waɗanda suka dace, sai na rubuta 'You have been elected'. Shugabata ta soke ta mayar da shi 'You have been selected'. Da na duba ƙamus sai na ga select, elect, choose da pick duk da 'zaɓa' aka fassara su. Don Allah mece ce ainihin ma'anar select, yaya ake amfani da ita, kuma waɗanne kalmomi ne za su iya maye gurbinta?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Shugabarki ta yi daidai da ta soke elected, ƙamus ɗin kuma bai yaudare ki ba. Kalmomin nan huɗu duk zaɓe suke nufi, sai dai kowacce da irin nata zaɓen. In na fahimce ki, so kike ki san inda iyakar select take: me ya sa ta dace da wasiƙar tallafi alhali elect ba ta dace ba, kuma a ina za ki iya sa choose ko pick a madadinta ba tare da ma'ana ta jirkice ba. Na daɗe ina koyar da Turanci, ina kuma fassara tsakaninsa da Hausa, kuma wannan rukunin kalmomi na cikin waɗanda suka fi kayar da masu Turanci mai kyau, domin kuskuren ba ya nunawa a nahawu. Jimla takan tsaya cif, amma mai karatu ya fahimci abin da ba shi aka so faɗa ba.

Ki fara lura da cewa mu ma ba kalma ɗaya muke da ita ba. Mukan ce an zaɓi shugaba, an tantance masu neman aiki, an ware 'yan wasa, an tsame wani daga cikin jama'a, an naɗa minista, an fifita wannan a kan wancan. Ƙaramin ƙamus ba shi da filin baje wannan duka, sai ya dunƙule komai a "zaɓa" ya bar ki da sauran aikin.

Ma'anarta da inda ta fito

Select na nufin a ɗauko mutum ko abu daga cikin tari, bayan an duba, bisa wani ma'auni. Abu uku ne a cikinta: akwai tarin da za a ɗauka daga ciki, akwai mai dubawa, akwai kuma dalilin da ya sa wannan ya haye wancan bai haye ba. Abin da muke kira tankaɗe da rairaya ke nan, sannan a fitar da wanda ya cancanta. Duk sauran bayanin da zan yi a kan waɗannan ukun ya rataya.

Asalinta harshen Latin ne, daga seligere. Gaɓar farko, se, tana nufin "a gefe" ko "daban", ita ce kuma a farkon separate da secret. Sauran kalmar daga legere yake, wato tsinta ko tattarawa. In kika haɗa, sai ki sami "tsinto a ajiye a gefe". Wannan legere ɗin shi ne a cikin collect, tattarawa wuri ɗaya, da elect, tsamowa waje. Ke nan select da elect 'yan gida ɗaya ne, shi ya sa ba abin mamaki ba ne da suka rikita ki. Select ta shiga Turanci a ƙarni na 16, lokacin da malaman Ingila suke ɗebo kalmomi daga Latin kai tsaye don rubutun ilimi da shari'a da addini.

Choose kuwa 'yar gida ce. Tana cikin tsohon Turanci a siffar ceosan tun kafin Normandawa, ƙarƙashin William, su ci Ingila da yaƙi a 1066 su mayar da Faransanci harshen fada da kotu. Har yau mutanen Holan na cewa kiezen, daga tushe ɗaya. Wannan tarihi ne ya sa Turanci yakan sami kalma biyu ko uku a kan abu ɗaya, ɗaya ta gida, ɗaya ta ofis da littafi: ask da interrogate, buy da purchase, choose da select. Ta gidan ita ake faɗa a hira, ta Latin ɗin ita ake sa wa riga a kai ta ofis. Mun san irin wannan a Hausa: "ya mutu" da "ya yi wafati" abu ɗaya suka faɗa, amma ba a wuri ɗaya ake faɗarsu ba.

Select da choose

A nan ne aikin yake, don haka zan ɗan daɗe.

Choose kalma ce ta zuciya da niyya. Mutum na iya choose da dalili, yana iya yi ba dalili, don kawai ransa ya so. Kuma ba lallai sai an jera abubuwa a gabansa ba. Yana iya zaɓar yin shiru, ko yafewa, ko barin aiki. Shi ya sa "I chose to stay" daidai ne, na zaɓi in zauna, amma "I selected to stay" ba Turanci ba ne. Select ba ta zaɓar aikatawa, abu ko mutum take ɗaukowa daga jeri. Haka kuma choose na iya tsayawa ita kaɗai ba karɓau, wato ba tare da an ambaci abin da aka zaɓa ba. In aboki ya tambaye ki ina za a je, kina iya cewa "You choose", kai ka zaɓa. "You select" a nan sai ya ji kamar na'ura ce ke magana.

Yawan abubuwan ma na da tasiri. In biyu ne kacal, musamman in zaɓen na tsaka mai wuya ne, choose ake so: "She had to choose between her job and her studies." Select ta fi son tari: mutum goma daga cikin ɗari biyar, littafi uku daga ɗakin karatu, 'yan wasa daga ƙungiyoyi daban-daban.

Misalin da nakan ba ɗalibai, kuma ba ya fita daga kansu, shi ne na miji da ya ce wa matarsa "I chose you". Wannan magana ce mai daɗi, ke raina ya so. In ya ce "I selected you", nahawu bai karye ba, amma ta zama kamar ya tara takardun masu nema ya ba kowacce maki. Yanzu ki juya misalin. Kwamitin ɗaukar ma'aikata da ya rubuta wa mutum "We chose you" bai yi laifi ba, amma "You have been selected" ta fi nuna cewa an bi ƙa'ida, ba son rai aka yi ba. Ɗumin da ya sa choose ta dace a gida shi ne ya sa ofis ke ɗan ja da baya da ita.

Ki kuma lura da yadda select ke yawan zuwa a salon jimlar da ke ɓoye mai aikin: "was selected", "have been selected", kamar yadda mukan ce "an zaɓe ka" ba mu faɗi wa ya zaɓa ba. Wannan salo na ɗora nauyin hukuncin a kan tsari, ba a kan mutum ɗaya ba. Abin da wasiƙarki ke buƙata ke nan. Ɗalibai sun nema, kwamiti ya duba sakamako da halin buƙata, aka fitar da wasu. Ga tari, ga mai dubawa, ga ma'auni. Don haka za ki rubuta: "We are pleased to inform you that you have been selected for the scholarship." Ga waɗanda ba su samu ba kuma: "We regret to inform you that you were not selected on this occasion." Wannan ta fi "you were rejected" tausayi nesa ba kusa ba, domin ta nuna gurbi ne ya yi kaɗan, ba a ce mutum ba shi da daraja ba. Ina ba wannan muhimmanci sosai, saboda mai karanta irin wannan wasiƙa sau da yawa yaro ne da ya ɗora burinsa a kanta.

Wannan kwarjini na kalmar shi ne 'yan damfara ke ara. Saƙon da ke shigowa waya yana cewa "Congratulations! You have been selected" yana so ki ji kamar wata hukuma ta zauna ta tantance ta fito da sunanki. In ba ki nemi komai ba, to daga cikin wane tari aka ɗauko ki, kuma bisa wane ma'auni? Sanin ma'anar kalmar kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi tsai.

Wani zai ce, to ina ma'auni a "randomly selected"? Akwai shi. Ma'aunin shi ne ƙuri'a, tsarin da aka shirya da gangan don kowa ya sami dama daidai da ta kowa. Masu bincike da masu gwajin magani da kotunan da ke kiran masu taimaka wa alƙali duk haka suke cewa. Wannan ya sha bamban da zaɓen tumun dare, inda mutum ya kai hannu kawai ya ɗauka.

Yadda ake ɗinka ta a jimla

Select aikatau ce mai bin ƙa'ida: select, selected, selected. Ana ƙarfafa gaɓa ta biyu, si-LEKT, ba ta farko ba. Ƙananan kalmomin da ke bin ta huɗu ne. From na nuna tarin: "selected from 300 applicants". For na nuna abin da aka zaɓi mutum dominsa: "selected for the team". As na nuna matsayin: "selected as captain". To kuma na zuwa ne bayan an ambaci wanda aka zaɓa, don nuna aikin da zai yi: "She was selected to represent the school." Kada wannan ta rikita ki da "I selected to stay" da na hana a baya. A nan wasu ne suka zaɓe ta don ta yi aikin, ba ita ta zaɓi aikatawa ba.

Choose ce mai gardama: choose, chose, chosen. A takardun da nake gyarawa, kuskure uku ne ke maimaita kansu: "choosed", wadda babu ita, "I have chose" maimakon "I have chosen", da kuma cakuɗa aikatau da suna, a rubuta "my choose" ko "I choice". Sunan shi ne choice, wanda ya shigo ta Faransanci. Na select kuwa selection ne, kuma yana da fuska biyu: aikin zaɓen, kamar "the selection process", da tarin abin da aka zaɓo aka baje, kamar "a wide selection of books".

Sai sifofi uku da ake yawan gwamutsawa. Selected na nufin waɗanda aka ɗebo, ba duka ba. Littafin da aka rubuta wa "Selected Poems" wasu daga cikin waƙoƙin mawaƙin ne, "Collected Poems" kuwa an tattaro su ne gaba ɗaya. Select, in ta zo a matsayin sifa, tana nufin 'yan kaɗan na musamman, zaɓaɓɓu: "a select few", "a select group of guests". Wani lokaci yabo ne, wani lokaci kuma da ɗan ƙorafi a ciki, irin na "shafaffu da mai". Selective kuma siffar mai zaɓen ce, wanda ba komai yake karɓa ba. "A selective school" makaranta ce da sai an ci jarrabawa ake shiga. "Selective memory" kuwa zargi ne, mutum na tuna abin da ya yi masa daɗi ya manta sauran.

A labaran majalisa za ki ci karo da "select committee". Kwamiti ne na 'yan majalisa ƙalilan da aka ware don wani aiki takamaimai. Majalisar wakilan Birtaniya ta kafa irinsu masu sa ido kan ma'aikatun gwamnati a 1979, kwamitin majalisar dattawan Amurka da ya binciki badaƙalar Watergate a 1973 shi ma irinsa ne. Mai fassara da ya ce "kwamitin zaɓe" ya ɓatar da mai sauraro. "Kwamiti na musamman" shi ne daidai.

Elect, nominate da appoint

Elect zaɓe ne ta hanyar kaɗa ƙuri'a, kuma kusan kullum zuwa wani muƙami ko kujera. Masu zaɓen na iya zama miliyoyi, suna iya zama 'yan kaɗan. Fafaroma ma elected ake cewa, domin manyan limaman cocin Katolika ne ke kulle kansu su kaɗa ƙuri'a har wani ya sami kashi biyu cikin uku. Da kika rubuta wa ɗalibai "You have been elected", abin da Bature zai ji shi ne an yi zaɓe sun ci wata kujera.

Siyasar Birtaniya na nuna kalmomin a jere yadda ba za a manta ba. Jam'iyya ce ke select ɗin ɗan takara a mazaɓa, in kuma ta juya masa baya a ce ta deselect ɗinsa. Jama'a ne ke elect ɗin ɗan majalisa. Firaminista kuwa sarki ne ke appoint ɗinsa, wato naɗawa, bayan ya tabbata shi ke da rinjaye a majalisa. Nominate mataki ne na farko, gabatar da suna, kuma wanda aka gabatar bai riga ya samu ba. Shortlist ita ce taƙaita jerin zuwa 'yan kaɗan da za a kira ganawa. A wurin ɗaukar aiki tsarin yakan tafi haka: a nema, a yi shortlist, a yi select, sannan a yi appoint.

Saboda wannan bambanci ne masu sharhin siyasa ke cewa "selection, not election" in suna zargin an yi ɗauki-ɗora, wato wasu 'yan tsiraru sun zauna sun fitar da wanda suke so, ƙuri'ar jama'a ta zama ado. Kin ga kalmar da ke nuna adalci a wasiƙar tallafi ta koma zargi a fagen da ƙuri'a ce ya kamata ta yi hukunci.

Abu biyu kuma game da elect. In ta biyo bayan muƙami, kamar president-elect, tana nufin wanda ya ci zaɓe amma bai kama aiki ba tukuna, kamar shugaban Amurka tsakanin zaɓen Nuwamba da rantsuwar 20 ga Janairu. Sannan a Turancin lauyoyi da likitoci akwai "elect to", mai ma'anar choose to: "He elected to remain silent." Daga nan aka sami elective, kwas ɗin da ɗalibi ke da zaɓin ɗauka, ko tiyatar da aka tsara mata rana domin ba ta gaggawa ba ce.

Pick da danginta, da opt

Pick ita ce ta hira. Gajera ce, mai sauri, sau da yawa ba dogon tunani: "Pick a number", "Pick any seat". A magana ta baki tana iya shiga kusan duk inda select ke shiga, jaridu ma na son ta a kanun labari saboda gajartarta. A wasiƙar ofis dai ki guje ta. Haɗarinta yana cikin ƙananan kalmomin da ke manne mata. Pick out zaɓowa ne ko gano wani a cikin taro. Pick up ɗauka ne, daga ƙasa ko a mota, ba ruwansa da zaɓe. Pick on kuwa tsangwama ce, a sa wa mutum ido a riƙa takura masa. Na taɓa gyara rahoton da aka rubuta cewa malami "picked on" wata ɗaliba don ta wakilci aji, alhali yabon malamin ake son yi.

Handpick na nufin babba ya zaɓo da kansa. "A handpicked team" yabo ne, "a handpicked successor" kuwa sau da yawa na ɗauke da zargin ɗauki-ɗora. Cherry-pick kusan kullum suka ce: mutum ya tsinci hujjojin da suka goyi bayansa ya ɓoye sauran. Single out tsame mutum ɗaya ne a nuna shi, ko don yabo ko don laifi, sai an duba abin da ya biyo baya. Picky da choosy siffar mai tsirfa ne, wanda komai sai ya kushe. In kina so ki faɗi hakan cikin ladabi, selective za ki ce. Prefer kuwa fifiko ne a zuci, mutum na iya prefer abu bai kai ga ɗaukarsa ba.

Opt ta fito daga optare ta Latin, ita ce uwar option. Ba ta ɗaukar karɓau kai tsaye, sai da for ko to: "opt for the cheaper plan", "opt to wait". Ba a opt ɗin mutum don aiki, hanya ake ɗauka daga cikin hanyoyin da aka shimfiɗa. Opt in da opt out sun cancanci a san su sosai domin suna shafar haƙƙi. A tsarin opt in, ba ki ciki sai kin ce kina so. A tsarin opt out, kina ciki sai kin ce ba ki so. Ingila ta koma tsarin opt out kan bayar da sassan jiki bayan mutuwa a 2020, Birtaniya kuma ta sami opt-out daga kuɗin euro a yarjejeniyar Maastricht ta 1992. Duk lokacin da kike cike fom a intanet, ki duba ko an riga an sa miki alama a akwatin.

Akwai kuma maganganun da suka daskare, ba a taɓa su. "I have no choice", ba "no selection" ba. "Spoilt for choice", abin da muke kira ruwan ido. "Pick and choose", da wannan jerin, ba a juya shi. Da "Hobson's choice", zaɓin da ba zaɓi ba, daga sunan Thomas Hobson, mai hayar dawaki a Cambridge da ya rasu a 1631, wanda aka ce yakan ba abokin ciniki dokin da ke kusa da ƙofa, ko ya ɗauka ko ya tafi.

A kimiyya da kwamfuta

A waɗannan fagage select ta zama kalmar fanni, ba a musanya ta ko kaɗan. Charles Darwin ya sa "natural selection" a sunan littafinsa na 1859 kan asalin jinsunan halittu. Ya aro kalmar daga masu kiwo, irin masu tantabaru da ke ware waɗanda suke so su hayayyafa, ya ce yanayi ma na yin irin wannan tacewa. Kalmar ta jawo masa matsala, domin masu karatu sun ji kamar akwai wani mai zaɓe da niyya a cikin bayanin nasa. Masanin halittu Alfred Russel Wallace ya ba shi shawarar ya ɗauki lafazin masanin falsafa Herbert Spencer, "survival of the fittest", wato wanda ya fi dacewa da yanayi shi ke rayuwa, Darwin kuwa ya shigar da shi a bugu na biyar na littafin a 1869. Kawo wannan na yi don ki ga ƙarfin abu ukun da na ambata da farko: da an ji select, kunne na neman mai dubawa.

Masu ƙididdiga na da "selection bias", karkatar da ke shiga bincike tun daga yadda aka ɗebo mutanen da aka tambaya. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta yi hasashen Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Sunayen an ɗebo su ne galibi daga jerin masu tarho da masu mota da masu sayen mujallar, waɗanda suka amsa kuma ba su wakilci waɗanda suka yi shiru ba.

A kwamfuta da waya, select ita ce sa wa abu alama kafin a yi masa wani aiki. Kina select ɗin rubutu ya yi shuɗi, sannan ki kwafa ko ki goge. Ctrl da A shi ne "Select All". A SQL, harshen kwamfuta na sarrafa rumbun bayanai, wanda Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fara ƙirƙira a kamfanin IBM a shekarun 1970, SELECT ita ce umarnin da ke ɗebo bayanai daga rumbu, FROM na faɗin daga ina, WHERE na faɗin bisa wane sharaɗi.

Iyakar wannan bayani

Abin da na shimfiɗa miki ɗabi'ar kalmomin ce a mafi yawan lokaci, ba doka ba ce da ba ta da togiya. A jimloli da dama select, choose da pick duk za su zauna lafiya. "She was chosen for the team", "selected for the team" da "picked for the team" babu wanda Bature zai ɗaga gira a kai, bambancin na sautin murya ne kawai. Haka nan kowace ma'aikata na da salon rubutunta, wasu ma da gangan suke fifita choose don rubutunsu ya yi sauƙi. Ni kaina ra'ayina ke nan a rubutun yau da kullum: in kina shakka, choose ce mafi aminci, domin tana shiga kusan ko'ina select ke shiga, select kuwa ba ta shiga ko'ina choose ke shiga. Kada ki ɗauka doguwar kalma ita ce Turanci mai kyau. Wanda ya rubuta wa abokinsa "I selected the blue shirt" bai ƙara wa kansa daraja ba, ya dai sa maganarsa ta yi tauri.

Littattafan jera kalmomi masu kama da juna, irin wanda Peter Mark Roget ya fara fitarwa a 1852, suna da amfani wajen tuna miki kalmar da kika riga kika sani. Ba sa faɗa miki wacce ta dace da wace jimla, za ki tarar da cull a jere da select, alhali cull a yau ta fi nufin rage yawan dabbobi ta hanyar kashe wasu. Don aikin ofis irin naki, ƙamus na masu koyon Turanci ya fi, kamar Oxford Advanced Learner's Dictionary ko Longman Dictionary of Contemporary English, kuma dukansu ana iya duba su kyauta a intanet. In kin buɗe kalma, kada ki tsaya a layin ma'ana. Ki sauka kan misalan jimloli, ki duba wa ke yin zaɓen a cikinsu, me ake zaɓa, da wace ƙaramar kalma ce ta biyo baya, sannan ki gwada jimlarki a kan wadda ta fi kama da ita.